Cire Bayan Hoto: Ka Ɓoye, Kada Ka Goge

   

Sharhinmu na yau kan wata 'yar sana'a ce da ta shigo hannun kowa. Ita ce cire bayan hoto. A ɗauki hoton mutum, ko na kaya, ko tambarin makaranta, a raba shi da abin da ke bayansa. Wurin da aka cire ya zama wayam, ana hango duk abin da aka sa a ƙarƙashi. Da can aikin ƙwararru ne masu babbar kwamfuta. Yau mai sayar da turaren wuta tana yi a wayarta, kafin ta ɗora kayanta a WhatsApp. Ɗalibi yana yi don fostar ƙungiyarsu. Mai shagon buga takardu yana yi safe da yamma, don katin ɗaurin aure da kalandar biki da hoton 'yan takara.

Magana ɗaya nake so ku riƙe daga farkon shirin nan har ƙarshensa. Idan za ka cire wani abu daga hoto, ka ɓoye shi, kada ka goge shi. Ka ɓoye, kada ka goge. Zan zo ga dalili. Amma bari mu fara da matsalar da kowa ya sani.

Kun sha ganin katin gayyata mai kyau, launinsa shuɗi ko ruwan zuma. A kusurwa an liƙa tambarin wata ƙungiya. Sai ga wani farin akwati ya kewaye tambarin, ya ɓata katin gaba ɗaya. Wanda ya haɗa katin zai ce maka ai ya cire bayan tambarin. Ya ga fari, ya ɗauka babu komai a wurin. To, nan ne kuskuren yake. A wajen kwamfuta, fari launi ne kamar ja, kamar kore. Yana da gurbinsa, kuma yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa ruf. A kan farar takarda ido ba ya ganewa. Ranar da aka ɗora shi a kan launi, ko aka buga shi a jikin baƙar riga, ranar asiri ke tonuwa.

To, ta yaya kwamfuta ke sanin cewa wani wuri wayam yake? Ku biyo ni a hankali, abin ba shi da wuya.

Duk hoton da ke cikin waya, tarin ɗige-ɗige ne ƙanana ƙwarai. Ka zuƙo hoton sosai da yatsunka biyu, za ka gan su jere reras, kowanne mai kusurwa huɗu. Kowane ɗigo yana ɗauke da lamba uku. Ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi. Haɗuwarsu ce ke ba da launin da kake gani. Amma lambobin nan uku launi kaɗai suka sani. Ba su da hanyar cewa babu komai a nan.

Sai aka ƙara lamba ta huɗu. Ita ba ruwanta da launi. Aikinta ɗaya ne, ta faɗi yadda ɗigon zai tare abin da ke bayansa. Idan lambar sifili ce, ɗigon ya ɓace, ana ganin baya tar. Idan ta kai ƙarshenta, wato 255, ɗigon ya rufe bayansa gaba ɗaya. Abin da ke tsakani kuwa shara-shara ne, ana ganin gaba, ana hango baya. Masu sana'ar suna kiran wannan lamba alfa.

Wasu masana biyu ne suka fito da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970, a wata cibiyar fasaha da ke jihar Niyok ta Amurka. Sunansu Alvy Ray Smith da Ed Catmull. Su ne daga baya suka kasance cikin waɗanda suka kafa Pixar, kamfanin nan na finafinan zane. Buƙatarsu ita ce su zana abu sau ɗaya, su riƙa ɗora shi a kan wurare daban-daban, ba tare da sun sake aiki daga farko ba. A 1984 wasu abokan aikinsu biyu, Thomas Porter da Tom Duff, suka tsara lissafin yadda ake ɗora hoto a kan hoto. Lissafin nan har gobe shi ke aiki. 'Yar uwa, duk lokacin da kika tura sitika a WhatsApp, kika ga ta zauna daram ba akwati a gefenta, lambar nan ta huɗu ce ta yi aikinta.

Yanzu mu juya ga wurin da wahalar mutane ke zubewa. Wurin adanawa.

Mutum zai zauna ya ɓata awa guda yana cire bayan hoto. Ya gama, ya yi kyau. Ya danna adanawa. Ya buɗe, sai ya ga farin nan ya dawo, ko kuma baƙi ƙirin. Ba manhajar ce ta lalace ba. Nau'in fayil ɗin da ya zaɓa ne ba shi da mazaunin lamba ta huɗu.

Yawancin hotunan da waya ke ɗauka, nau'in JPEG ne. Tun 1992 ake amfani da shi, kuma ya yi wa duniya rana, don yana rage nauyin hoto sosai. Amma lamba uku kaɗai yake riƙewa. Ka ba shi wurin da yake wayam, dole ya cike shi da wani launi. Ba shi da zaɓi.

Akwai tsohon nau'i mai suna GIF, wanda kamfanin CompuServe ya fitar a 1987. Bayan shekara biyu aka ba shi damar ɓoye launi guda. Sai dai shi bai san shara-shara ba. Ko ɗigo ya fito duka, ko ya ɓace duka. Shi ya sa gefen hotonsa kan yi ƙaiƙayi, ba santsi. A ƙarshen 1994 kuma rigima ta tashi. Kamfanin Unisys, mai haƙƙin mallakar dabarar da GIF ke matse hoto da ita, ya nemi a riƙa biyansa. Masana da dama ba su ji daɗi ba. Suka haɗu ta intanet, suka ƙirƙiro sabon nau'i wanda ba mai biyan kowa ko sisi. Shi ne PNG, wanda aka amince da shi a 1996. Yana riƙe lambar nan ta huɗu da dukan matakanta. Ina jinjina wa mutanen nan. Aikin sa-kai suka yi, ga shi yau mai sayar da takalma a Kantin Kwari ko a kasuwar Maraɗi yana cin moriyarsa kyauta.

Don haka, mai sauraro, idan ka cire bayan hoto, ka adana shi a PNG. Na sake faɗa, a PNG.

Saura tarko biyu a nan. Na farko, turawa. Idan ka tura wa mai buga kati tambarinka ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar za ta matse shi don ya yi sauƙin tafiya, kuma a wajen matsewar wurin da yake wayam zai cike. Ka shiga wurin tura takarda, wato dokumen, ka tura shi ta nan. Zai isa yadda ka adana shi. Ɗaukar hoton fuskar waya kuwa, shi ma yana cike wurin da yake wayam. Duk abin da ka ɗauka ta wannan hanya, ya haɗe da bayansa.

Tarko na biyu shi ne ɗan zanen nan mai gida-gida, fari da ruwan toka. Manhajojin gyaran hoto suna nuna shi ne don su gaya maka nan wurin babu komai. Alama ce kawai, ba ta cikin hoton. Amma intanet cike take da hotunan da aka zana musu gida-gidan nan a jiki. Ka sauke, kana murna, ka ɗora a kan aikinka, sai ga gida-gida sun biyo shi. Gwajin mai sauƙi ne. Ka ɗora hoton a kan wani launi mai ƙarfi. Idan launin ya leƙo ta gefe, to na gaske ne.

To, jama'a, yanzu mun iso ga zuciyar maganar. Yadda ake cirewar kanta.

Hanya biyu ce a gaban mai aiki. Ta farko, magogi. Kowace manhaja tana da shi. Ka ja shi a kan abin da ba ka so, ya tafi. Yana da sauri, yana da daɗin aiki, shi ya sa ɗan koyo ke fara kai hannu gare shi. Amma abin da magogi ya ci, ya ciwu. Muddin kana kan aikin, za ka iya komawa baya taki kaɗan. Da zarar ka adana ka rufe, shi ke nan. Gobe mai hoto zai dawo ya ce ka yanke masa gefen hula. Ko uwar amarya ta ce ina gefen gwaggwaronta. Ka duba, babu. Idan kuma a kan hoton asali ka yi aikin ka adana, to babu inda za ka samo shi.

Hanya ta biyu ita ce abin da masu sana'ar ke kira mas, wato marufi. Wani shafi ne da ake jingina wa hoton. A kansa kake aiki, ba a kan hoton ba. Ka ɗauki burushi. Inda ka shafa baƙi, hoton ya ɓuya. Inda ka shafa fari, ya fito. Inda ka shafa ruwan toka, ya yi shara-shara. Ka yi kuskure, ka cinye ɗan yatsan mutum? Ka juya burushin zuwa fari, ka shafa, yatsa ya dawo. Ko bayan shekara ka buɗe aikin, komai yana nan a ƙarƙashi, ba abin da ya taɓa shi.

Ku dubi tela mai hangen nesa. An kawo masa wandon yaro ya yi tsawo. Ba ya sa almakashi. Yakan naɗe ƙafar wandon ciki ya bi da ɗinki, don ya san yaro zai girma. Baɗi a warware, wando ya koma daidai. Marufi naɗewa ne, magogi kuwa almakashi. Ka ɓoye, kada ka goge.

Wannan marufi yana cikin Photoshop, manhajar da 'yan uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar da ita a 1990. Yana cikin GIMP, wadda wasu ɗalibai biyu na jami'ar Kalifoniya da ke Bakali suka fara a 1995, kuma kyauta ce har yau. Na ambaci ta kyautar da gangan. Matashin da ba shi da kuɗin biyan Photoshop wata-wata, ba sai ya nemi ta sata ba. Da yawa daga cikin manhajojin waya ma suna da burushin dawo da abin da aka ɓoye. Ka neme shi tun kafin ka fara.

Ga wani ɗan abu da ke rikita masu fara GIMP. Ka buɗe hoton JPEG, ka goge wani wuri, sai ka ga launi ya maye gurbin, maimakon gida-gidan nan. Dalili shi ne hoton ya shigo da lambobinsa uku. Sai ka fara ba da umarnin a ƙara masa alfa, sannan wurin zai iya zama wayam. A Photoshop kuma za ka ga ɗan kwaɗo a jikin shafin ƙasa. Ka cire kwaɗon tukuna. Sannan idan ka gama, ka adana aikinka kashi biyu. Ɗaya a nau'in manhajar kanta, mai riƙe da marufin da komai. Ɗaya a PNG, wanda za ka ba mai shi.

Mu matsa gaba, zuwa gefe. Domin a gefen hoto ake gane gwani.

Cire bayan kwalbar turare ba wuya, gefenta a miƙe yake. Amma ka zo ga gashin jariri. Ka zo ga gemun dattijo. Ka zo ga mayafin amarya, wanda ana hango bangon ɗaki ta cikinsa. Ka zo ga leshi mai huji-huji, kowane huji da ɗan guntun launin bango a ciki. Nan ne ake zufa. Ɗigon da ke bakin gefe ba na mutum ba ne zalla, ba na bango ba ne zalla. Gauraye yake. Idan an ɗauki hoton a gaban farin bango, ɗige-ɗigen gefen sun ɗebo fari. Ka ɗora mutumin a kan baƙi, sai ka ga wani siririn farin zare ya zagaye shi tun daga hula har takalmi. Kowa ya gani ya san yanko shi aka yi.

Maganinsa haƙuri ne. Ka zuƙo sosai. Ka rage girman burushi, ka tausasa bakinsa. A kan mayafi, ka shafa ruwan toka, don sabon bayan ya ɗan leƙo ta ciki yadda tsohon ya yi. Kafin ka ce ka gama, ka gwada aikin a kan baƙi, ka gwada a kan fari, ka gwada a kan ja. Abin da ya ɓuya a ɗaya zai fito a ɗaya.

Rabin aikin ma tun wajen ɗaukar hoto ake yin sa. 'Yar kasuwa, ki shimfiɗa kayanki a kan ƙyalle mai launi ɗaya, wanda ya saɓa da launin kayan. Kada a tsayar da mai farar shadda a jikin farin bango. A ɗan matso da shi gaba, don kada inuwarsa ta manne masa. A ɗauka da hasken rana, a inuwa, ba cikin duhun ɗaki ba.

Na san wani zai ce, Malam, duk wannan wahalar ta mece ce? Ai yanzu dannawa ɗaya ake yi. Gaskiya ne. Akwai shafuka irin su remove.bg, akwai Canva, kuma wayoyi da dama yau suna ɗago mutum daga hoto da taɓawar yatsa. Ƙirƙirarriyar basira ce ke aikin, kuma sau da yawa tana yin sa da kyau. Ban hana kowa ba, suna rage wahala ƙwarai. Amma inji hasashe yake yi. Yakan ɗauki gefen babbar riga a matsayin bango ya cinye. Yakan bar guntun kujera tsakanin hannu da jiki. Ka duba aikinsa da idonka kafin ka kai wa mai shi. Kuma ka tuna, yawancin shafukan nan sai ka aika musu hoton can wurinsu kafin su yi aikin. Hoton matar wani ko 'yar wani amana ce a hannunka. Ka nemi izini.

A kan amanar nan, ga gargaɗi guda. Mutane sukan cire bayan sa-hannunsu, ko hatimin ofis, don su riƙa ɗorawa a kan takardu cikin sauƙi. Ku sani, sa-hannun da aka cire wa baya zai zauna a kan kowace takarda, har wadda ba ka taɓa gani ba. Kada ka tura shi cikin zauren WhatsApp. Kada ka bar shi a kwamfutar shago.

Yanzu ga juyi na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna.

Ana kai tsofaffin hotuna shago. Hoton mahaifi da ya rasu, ko na kaka tana budurwa. Ana so a sa a kalanda, ko a ƙara girmansa a rataye a falo. Mai shago ya kwafe shi a kwamfuta, ya cire bayan, ya sa furanni ko sararin sama. 'Yan gida su yi murna. Tsohuwar takardar kuma a jefa ta cikin wata jaka, damina ta zo, ta lalace. Me ya rage? Fuska kaɗai.

Alhali abin da aka cire ɗin nan, shi ma labari ne. Ƙofar zauren da aka rushe tun tuni. Jeren kwanonin da ke bayan kaka a ɗakin aurenta. Keken da mahaifi ya jingina da bango. Itaciyar da ke tsakar gida. Jikan da bai taɓa ganin gidan nan ba, a nan kaɗai zai gan shi.

A birnin Bamako na ƙasar Mali an yi wani mai ɗaukar hoto, Seydou Keïta. Ya buɗe shagonsa a 1948. Yakan rataya ƙyalle mai zane a bayan masu zuwa ɗaukar hoto, kuma da zanen gadonsa ya fara. Yana ajiye rediyo da agogo da babur, don mutum ya ɗauki hoto da abin da ransa ke so. Bayan 'yan shekaru yakan canja ƙyallen. Da ya tsufa, duniya ta gano aikinsa, ƙyallayen nan ne suka taimaka masa wajen tuna lokacin da ya ɗauki kowane hoto. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Masu kallo suna tsayawa ne su dubi yadda zanen atamfar mace ya haɗu da zanen ƙyallen bayanta. Da an cire bayan hotunan nan, da an zubar da rabin darajarsu.

Ba ina cewa kada a yi wa hoton iyaye ado ba. A yi, abin so ne. Amma a yi a kan kwafi. Asalin ya zauna yadda yake, da bangonsa, da tabonsa, da komai. A ɓoye, kada a goge.

Don haka ga roƙona gare ku, masu sauraro. Ku matasa masu wannan sana'a, 'ya'yana da ƙannena, kafin ku taɓa hoton kowa, ku fara yin kwafi, ku sa asalin a gefe. Ku iyaye da ke kai hotuna shago, ku ce a ba ku biyu, wanda aka gyara da wanda ba a taɓa ba. Ku karɓi takardarku ta asali ku koma da ita gida, ku sa ta inda ruwa da gara ba za su kai ba. Idan akwai dattijo a gidan da ya san mutanen da ke cikin hoton da wurin da aka ɗauka, ku tambaye shi a wannan makon, ku rubuta a bayan takardar da fensir.

Nan za mu dakata.  Allah ya sa albarka a sana'ar kowa, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu.